Yadda Za Ka Halarci Bikin Kiɗan Rokabili da Tsofaffin Motoci a Garin Senigallia

A gaɓar tekun Adriyatik, a yankin Marche na ƙasar Italiya, akwai wani ƙaramin gari da ake kira Senigallia, kimanin kilomita 30 arewa da birnin Ancona. Mutanensa ba su kai dubu 50 ba. Amma daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta garin yakan cika ya batse, saboda bikin Summer Jamboree da aka fara tun shekarar 2000, inda ake raya kiɗa da rawa da sutura da motocin Amurka na shekarun 1940 da 1950. Akwai irinsa a wasu ƙananan garuruwa, kamar Hemsby a Ingila, da Béthune a Faransa, da Calafell a Sifaniya. Na zaɓi Senigallia ne domin yawancin wasanninsa a fili ake yin su kuma kyauta, ga shi jirgin ƙasa yana sauke mutum a tsakiyar gari.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne: wannan taro ne na mutanen da suke raya tsohon abu da hannunsu. Wani ya yi shekara goma yana haɗa mota guda a garejin gidansa, wani kuma ya goge yatsunsa a kan tsirkiya har suka yi kanta. Wanda ya je ya ɗaga waya ya ɗauki hoto ya wuce, ƙyalli kawai ya gani. Wanda ya san abin da zai saurara da abin da zai tambaya shi ne ya ci bikin.

Mataki na farko: shirya kunnenka tun kana gida

Sunan rokabili haɗi ne na kalmomi biyu na Ingilishi, ɗaya tana nufin kiɗan rok, ɗayar kuma laƙabin da ake yi wa ƙauyawan kan duwatsu na kudancin Amurka. A can kudancin aka haife shi, inda kiɗan bulus na baƙaƙen fata ya gamu da kiɗan karkara na talakawan Turawa. In ana ba da tarihinsa, akan fara daga wani ɗan ƙaramin ɗakin ɗaukar sauti a birnin Memphis, na kamfanin Sun Records mallakar Sam Phillips. A watan Yuli na 1954 Elvis Presley ya shiga ɗakin da mutum biyu kacal: Scotty Moore da jita, Bill Black da ƙaton gogen nan na tsaye mai tsayin mutum. Babu ganga. Bayansa Carl Perkins da Johnny Cash da Jerry Lee Lewis duk suka bi ta wannan ƙofa.

Kada a manta da waɗanda suka share fagen. Kafin Elvis ya taka ɗakin, Phillips ya riga ya ɗauki muryar B.B. King da Howlin' Wolf, baƙaƙen fata mawaƙan bulus. Sister Rosetta Tharpe, ita ma mawaƙiya baƙar fata, tana kaɗa jitar lantarki tun waɗannan samari suna yara. In ka ji jikinka ya amsa kiɗan nan tun karon farko, ba mamaki, domin rabin jininsa na jikokin Afirka ne.

Abu uku za ka koya wa kunnenka. Na ɗaya, gogen tsaye. Ba a goga shi da baka a nan, finciko tsirkiyar ake yi a sake ta ta bugi katako, sannan a mare ta da tafin hannu, sai ka ji sauti biyu lokaci guda: gurnani a ƙasa, ƙwas-ƙwas a sama. Shi ne yake tsayawa a madadin ganga. Na biyu, amsa-kuwwar da ke bin murya da jita a gajerce, kamar wanda ya yi magana a cikin zaure. Phillips ya samo ta ne ta hanyar haɗa na'urorin ɗaukar sauti biyu, ɗaya tana ɗan jinkiri a bayan ɗaya. Na uku, muryar mawaƙi da takan karye kamar mai shaƙuwa. Da gangan ne. Nemi waƙoƙin Perkins da Gene Vincent da Wanda Jackson a intanet, ka yi mako biyu kana ji, za ka iya rarrabe gwani da mai kwaikwayo.

Zamanin kiɗan bai daɗe ba a Amurka. An ɗauki Elvis aikin soja a 1958, mawaƙi Eddie Cochran ya mutu a hatsarin mota a Ingila a 1960, kasuwa kuma ta juya wani wajen. Turawan Turai ne suka riƙe shi, suka dinga tara faya-fayen garmaho suna gayyato tsofaffin mawaƙa. Ko ƙungiyar Stray Cats da ta farfaɗo da shi sai da ta baro New York ta koma Landan a 1980 kafin ta yi suna. Wannan ne dalilin da za ka tarar da ɗayan manyan bukukuwansa a wani garin bakin teku na Italiya.

Mataki na biyu: takardu, masauki da hanya

Masauki shi ne na farko, tun kafin tikitin jirgi. Agusta watan hutu ne ga Italiyawa, duk suna kwararowa bakin ruwa, ga kuma baƙin biki. Da zarar masu shiri sun fitar da ranakun shekarar a shafinsu, kama ɗaki. Wata shida kafin lokaci bai yi wuri ba. In ɗakunan Senigallia sun ƙare ko sun yi tsada, duba Marotta da Fano ta arewa, ko Marzocca da Falconara ta kudu, duk suna kan layin dogo ɗaya. Sai dai ka binciki lokacin jirgin ƙarshe na dare, domin kiɗa yakan wuce tsakar dare, jirgi kuwa ba ya jiran kowa.

Wanda yake zaune a ƙasashen Shengen (ƙasashen Turai masu biza ɗaya, har da Italiya) da takardar zama, katinsa da fasfonsa sun ishe shi. Mai tasowa daga Najeriya ko Nijar ko Gana zai nemi bizar Shengen ta gajeren zama, wadda ke ba da kwana 90 cikin 180. Ana karɓar takardu tun saura wata shida a yi tafiya. Za a nemi fasfo da zai ƙara aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da inshorar lafiya ta Yuro 30,000, da shaidar masauki da ta kuɗin guzuri.

Filin jirgin sama mafi kusa shi ne na Ancona da ke Falconara. Amma yawancin masu zuwa daga nesa a Roma ko Milan ko Bologna suke sauka, su hau jirgin ƙasa. Senigallia tana kan layin Bologna zuwa Ancona. Daga Roma kuwa akan ratsa duwatsu a sauka Falconara a canza jirgi. In ka sayi tikitin takarda na ƙaramin jirgi, tura shi cikin ɗan akwatin da ke tasha ya buga masa hatimi kafin ka hau, in ba haka ba tara za a ci ka ko da ka biya kuɗinka cif. Hayar mota kuma ban ba ka shawara ba. Tsakiyar tsofaffin garuruwan Italiya akwai unguwannin da aka hana baƙuwar mota shiga, alamarsu ZTL, kyamara ce ke ɗaukar lamba, takardar tara ta biyo ka gida.

Kwana uku ko huɗu sun isa. Haɗa da ranar aiki guda ko biyu, lokacin da gari yake da sarari, sannan ka ƙare da Asabar don ka ga cikar kasuwa.

Mataki na uku: abin da za ka sa a jaka

An ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi ka ɗaura. A nan ba dole ba ne. Za ka ga maza da wandon jins an naɗe ƙafarsa, da riga mai furanni irin ta Hawai, gashi an shafe shi da mai an tayar da shi gaba kamar zankon zakara. Za ka ga mata da riguna masu ɗigo-ɗigo masu faɗin ƙasa, da jan baki, da fure a gashi. Amma rabin jama'a da kayansu na kullum suke yawo, ba mai ce musu uffan. In kana sha'awa, farar riga da wando mai duhu sun wadatar. Ke kuma 'yar'uwa, doguwar riga mai faɗi da ɗankwali ɗaure a ka suna cikin adon wancan zamanin, ba sai kin rage komai daga suturarki ba. Wanda ma ya sa kaftani da hula ba zai zama bare ba, domin mutanen nan masu son ɗinki mai kyau ne, sai dai ya sha tambaya.

Abin da ba a wasa da shi takalmi ne. Titunan tsohon gari da duwatsu aka shimfiɗa su, kuma za ka yi awa shida ko bakwai a tsaye. Ɗauki wanda ƙafarka ta saba da shi. Ƙara da hular rana, da gorar ruwa, da ɗan abin toshe kunne musamman in da yara, da tsabar kuɗi saboda ƙananan 'yan kasuwa. Zafin yakan kai digiri 30 ko fiye, kuma mai gumi ne irin na bakin teku.

Mataki na huɗu: san gari, san lokacinsa

Ranar da ka sauka, zaga da ƙafa. Wuri huɗu za ka gane. Rocca Roveresca tsohuwar ganuwa ce ta ƙarni na 15 kusa da tasha, a lambunta ake kafa rumfunan kasuwar tsofaffin kaya. Foro Annonario fili ne kewayayye mai ginshiƙan bulo, an gina shi a shekarun 1830 don kasuwa. Piazza Garibaldi babban dandali ne a gaban majami'ar gari. Sai Rotonda a Mare, wani zagayayyen gini da ke tsaye a kan ruwa tun 1933. Duk cikin tafiyar mintuna kaɗan suke da juna, kogin Misa kuma ya ratsa gari, da shi za ka dinga gane gabas da yamma.

Gari yakan yi tsit daga wajen ƙarfe ɗaya na rana zuwa huɗu, shaguna da yawa a rufe. Kai ma kwanta. Biki na gaskiya daga la'asar yake tashi. Nemi jadawalin bikin, ka sa alama a kan wasa biyu ko uku a kowace rana, sauran lokacin ka bar wa ƙafarka.

Mataki na biyar: yadda ake kallon mota

Nan ne nake so ka fi daɗewa. Lokaci biyu ne suka fi: da safe, sa'ad da za ka tarar da motoci a ƙofar otal-otal na bakin teku masu su suna goge su da tsumma, da kuma tsakanin la'asar da magariba, kafin cunkoso ya rufe su.

Fara da rarrabe su gida uku. Akwai waɗanda aka mayar da su yadda suka fito daga kamfani, har launin fenti da ɗinkin kujera. A cikinsu za ka ga Chevrolet Bel Air ta 1957, da Ford Thunderbird da aka fara a 1955, da sarauniyarsu Cadillac ta 1959 mai fikafikan baya masu tsini da jajayen fitilu kamar harsashi. Tsawonta ya kai mita 5.7, injinta mai silinda takwas ne, lita 6.4. Wanda ya tashi yana ganin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna a da, mai tsawon kusan mita huɗu da rabi da silinda huɗu, shi zai fi gane girman abin. Fikafikan nan sun fara ne a kan Cadillac ta 1948, daga siffar wutsiyar wani jirgin yaƙi mai suna P-38, suka yi ta tsawo har suka ƙure a 1959.

Gida na biyu su ne waɗanda ake kira hot rod. Samarin kudancin Kalifoniya ne suka fara su tun shekarun 1930: a sami tsohuwar Ford mai arha, a cire duk abin da ke da nauyi, a ƙara wa inji ƙarfi, a je busasshen tafki a yi tsere. Abin alfaharinsu Ford ta 1932, shekarar da kamfanin ya fito da injin silinda takwas da talaka zai iya saya. Za ka gane su da injin da ke waje tsirara, da kafireto biyu ko uku a jere, da tayoyin baya da suka fi na gaba girma.

Gida na uku na masu ƙawa ne, kuma nan aikin hannu yake. A ɗauki Mercury ta 1949 zuwa 1951, a yanke ginshiƙan rufinta a rage tsawo a sake walda, a cire mariƙin ƙofa da duk wani tambari, a cike ramuka, a sauke ta ƙasa har ta kusa shafar kwalta. A da da narkakkiyar dalma ake cike ramukan. Tsuguna ka kalli gefen motar ta inda haske yake kwanciya a kanta. In layin hasken ya tafi sumul daga gaba har baya bai karye ba, gwani ne ya yi aikin. Dubi kuma siraran zanen da ake ja da buroshi a kan bonet da but. Da hannu ake yin su, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon masu zanen bodin manyan motoci a tasha zai san darajar wannan hannu. Za ka ci karo da wasu da aka bar su da tsatsarsu da gangan. Kada ka raina su, sau da yawa injinsu da birkinsu sababbi ne fil.

Ladabin wurin kaɗan ne, amma da zafi ake riƙe shi. Kada ka taɓa. Kada ka jingina don hoto, kada ka ɗora kofi ko jaka, kada ka zaunar da yaro a kan bamba. Kula da kan bel da zik da maɗaurin jaka in za ka ratsa tsakanin motoci biyu, domin ƙarzane guda yana iya jawo sake fentin ƙofa gaba ɗaya. In gilashi a sauke yake, leƙa da hannunka a baya.

Sannan ka yi magana da mai ita. Gaishe shi, ka ce "Posso fare una foto?", wato ko zan iya ɗaukar hoto. Matambayi ba ya ɓata, sai dai kada tambayarka ta farko ta zama nawa ka saya, wannan tana rufe baki. Tambaye shi shekarar motar, da inda ya samo ta, da abin da ya fi ba shi wuya wajen gyara. Tambaye shi ko wutarta har yanzu bolt shida ce, domin sai a 1955 Chevrolet ta koma goma sha biyu, Ford kuma a 1956. Da ya ji wannan zai gane ba ɗan kallo ne kawai a gabansa ba. Da yawa za su buɗe maka bonet, wani ma ya ciro kundin hotunan yadda ya tsinto ta a ruɓe. Ko ba ku jin yaren juna, nuni da yatsa a kan inji yana isarwa.

Ranar jerin gwano, tsaya a gefen inuwa, a bar wa motoci hanya sosai. Yawancinsu tsohon birki ne da su, ga nauyi, ba sa tsayawa nan take. In ka ga wata ta fake tana huci, lagireto ne ya yi zafi: fankar tsofaffin injuna da bel take juyawa, in ana tafiyar hawainiya iska ba ta isa. In ana turawa, sa hannu inda mai ita ya nuna maka kawai.

Mataki na shida: ci da sha da salla

Garin masunta ne, don haka kifi shi ne mafita. Nemi brodetto, romon kifi iri-iri da tumatir, ko fritto misto, soyayyun ƙananan kifi da jatan lande. Romon wani lokaci akan zuba masa ruwan inabi wajen dahuwa, sai ka tambaya. A yi hattara da abu biyu da suke kama da marasa laifi. Piadina, wata gurasa mai faɗi da ake sayarwa ko'ina, a al'ada da kitsen alade ake kwaɓa ta, sunansa strutto, amma akwai ta man zaitun in ka nema. Soyayyen zaitun na Ascoli kuma cikinsa niƙaƙƙen nama ne da akan haɗa da alade. Riƙe kalmomi uku: "senza maiale" babu alade, "senza strutto" babu kitsensa, "analcolico" marar barasa. In ka zauna a gidan abinci za ka ga wani ɗan ƙari a takardar kuɗi mai suna coperto, kuɗin zama ne, ba cuta ba ce.

Ana shan barasa a bikin, ba a ɓoye ba, amma a filayen gari da farkon dare iyalai ne da yara da tsofaffi suka fi yawa. Akwai wasan da mata ke rage tufafi a kan dandamali, a rufaffen zaure ake yin sa da tikiti, wanda bai nema ba ba zai gani ba. Rana tana faɗuwa wajen takwas da rabi, daidai lokacin da manyan makaɗa ke shirin hawa, don haka masauki na kusa yana da rana: ka koma ka yi magariba ka dawo. Alƙibla daga can kudu maso gabas take.

Mataki na bakwai: dare

Kada ka tsaya ga babban dandamali kaɗai. Ƙananan wurare, inda mutum uku ko huɗu suke kaɗawa kana ganin gumin goshinsu, nan ne kiɗan yake kama da yadda aka haife shi. Tsaya ta gefen mai gogen tsaye ka kalli hannunsa na dama. Tsakanin ƙungiya da ƙungiya masu sa faifai ne suke riƙe fili, da yawa da ainihin ƙananan faya-fayen da.

Rawar iri-iri ce. Jive ta mutum biyu ce, mai sauri da juyi. Lindy hop ta girme ta, daga unguwar Harlem ta baƙaƙen fatar New York ta fito a ƙarshen shekarun 1920. Stroll a sahu ake yin ta ba riƙe hannu, galibi mata. Bop kuwa kowa shi kaɗai yake taka abinsa. Wanda ba ya son rawa da wani yana da waɗannan biyun na ƙarshe, wanda kuma kallo ya fi masa ya ja baya daga tsakiyar fili, domin masu juyi suna bukatar sarari. Akan koyar da sababbin shiga da yamma, duba jadawali. In an miƙo maka hannu ba ka so, murmushi da "no, grazie" sun wadatar.

Akwai abu guda da ya kamata baƙar fata ya sani. A irin waɗannan taruka, a Turai da Amurka, wani lokaci akan ga wata tuta ja mai shuɗin gicciye da fararen taurari a kan bel ko riga. Tutar jihohin kudu ce da suka yi yaƙi tsakanin 1861 da 1865 don riƙe bauta. Wasu suna sa ta da sunan alamar tawaye ba su san nauyinta ba, wasu sun sani sarai. Masoya kiɗan da yawa suna ƙyamarta. Ba sai ka tanka ba, amma kada ka saye ta a rumfa da zaton ado ce.

In za ka yi tsaraba, faifai ya fi komai. Zaro shi daga jakarsa, ka karkata shi ga haske ka duba ƙarzane, ka tambaya ko bugun asali ne ko sabo. Ƙungiyoyin da suka yi wasa sukan ajiye tebur a gefen dandamali bayan sun sauka. Saya daga hannunsu, kuɗin kai tsaye yake shiga aljihun wanda ya yi gumin, kuma zai sa maka hannu a kai. Sa faifan a tsaye tsakanin tufafi a tsakiyar jaka, nesa da rana, domin zafin Agusta yana lanƙwasa shi tun kafin ka isa tasha.